Tambayi Bakanike: Baƙin mai na tsiyaya ta tiyon numfashin inji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Kabu-kabu nake yi tsakanin Funtuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da babur mai 100cc da na saya na hannu bara. Tun bayan juyen baƙin man da aka yi mini kwanakin baya, duk inda na ajiye shi sai na tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa. Na bi sawu, na ga ta wajen wani baƙin tiyo yake fitowa, wanda ya taso daga bayan inji ya shiga akwatin iya-kilina, wato matatar iska. Yaron gareji ya ce in bari ya cusa wa tiyon bol ya ɗaure da waya, magana ta ƙare. Wani kuma ya ce ringi ne ya tafi, sai an sauke inji. Ni kuwa ba ni da kuɗin sauke inji yanzu. Wanne zan bi?
Ɗan kabu-kabu, Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. A yau dai kada ka bi ko ɗaya. Shawarar yaron gareji kuwa, ko gobe kada ka bi ta.

Ba don ado kamfani ya sa wannan tiyo ba. Injinka silinda ɗaya gare shi. Duk sanda fistin ya yi ƙasa sai ya matse iskar da ke cikin inji, can inda kiranshaf ke juyawa kuma baƙin mai ke kwance. In ya yi sama ya sake ta. Iska ce ta kusan 100cc ake turawa ana ja, sau dubbai a minti guda in kana kan titi. Ban da wannan, babu ringin fistin da ke rufe bulo, wato ramin da fistin ke hawa da sauka a ciki, ruf, ko sabo ne fil daga leda. Kullum akwai ɗan hayaƙin ƙonewa da ke silalewa ta gefen fistin ya gangara ƙasa. Dole duk wannan ya sami mafita, mafitar kuwa ita ce tiyon da ka gani, tiyon numfashin inji. A tsofaffin babura ƙasa yake kallo, yana zubarwa kusa da cen. A na yanzu, saboda dokokin hayaƙi, an mayar da bakinsa cikin akwatin iya-kilina don inji ya sake shaƙe tururin ya ƙone shi. Ɗan danshin mai a cikin tiyon ba ciwo ba ne. Ɗigo a ƙasa kullum, shi ne ke nuna akwai magana.

To, ka cusa masa bol ka ɗaure. Iskar ba za ta fasa fita ba, ƙofa kawai za ta sauya. Za ta bi ta robobin da ke tare mai: ta sil ɗin ƙaramin sifirokit, ta na sandar giya, ta na kik, ta duk fakin ɗin da ya fi rauni, wato takardar da ake sawa a mahaɗar ƙarafan inji. Irin wannan babur in an turo mini shi, tun daga bakin gareji nake gane shi: cen ya jiƙe sharkaf, gefen tayar baya na sheƙi, ƙura ta manne a ƙasan inji ta yi baƙin danƙo, in ka leƙa bayan sifirokit ka ga sil ya turo kai waje. Ka bi tiyo da hannu, sai ga bol a ciki an naɗe da waya. Ɗigon da tsumma ke gogewa ya koma aikin sil da fakin, ga mai a kan taya wanda a kwanar farko ta kwalta zai iya watsar da kai da fasinjanka. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Da bakinka ka ba ni bakin zaren, da ka ce tun bayan juye. Zatona ya fi ƙarfi a kan man ne ya yi yawa. Ƙananan baburan nan, Boxer ne ko TVS ko 'yan China masu inji irin na Honda CG, abin da suke ci a juye bai wuce lita ɗaya ba, wasu ma bai kai ba. Roba-roba mai kwantaccen inji, yawancinsu wajen 800ml ya ishe su. Duba kusa da murfin da ake zuba mai, sau da yawa an rubuta adadin a jikin ƙarfen. Amma robar mai ta kasuwa lita ɗaya ce, yaro kuma sai ya juye ta kakaf, wai kuɗinka ne, ba a bar maka saura. In an haɗa da cewa tsohon man bai gama tsiyayewa ba, don an buɗe shi inji da sanyi ko babur na jingine, sai mai ya taso har kiranshaf na dukansa. Ya kaɗa shi ya yi kumfa, iskar da ke fita ta kwashe shi ta yi tiyo da shi.

Ga yadda za ka tabbatar, kobo ba za ka kashe ba. Tayar da inji ya ɗan yi ɗumi, ka kashe, ka kafa shi a kan babban jak a wurin da ba gangare, ka ba shi minti biyu zuwa uku mai ya sauko. Zare sandar awo ka goge, ka mayar ka ɗora ta kawai ba tare da ka murɗa ba, sannan ka zaro ka duba. Haka yawancin irin waɗannan injuna suke so, amma in littafin babur ɗin na hannunka, bi abin da ya ce. A babur mai ɗan madubin awo a gefen inji, man ya tsaya tsakanin layi biyu. A kan ƙaramin jak na gefe awo ƙarya yake yi. In ya haura layin sama, sayi sabon babban sirinji a kemis da guntun siririn tiyo, ka zuƙe kaɗan-kaɗan kana aunawa. Wannan ya fi aminci a kan sassauta notin ƙasa, wanda in ya kuɓuce maka rabin man zai tafi a ƙasa.

Daga nan buɗe akwatin iya-kilina ka goge man da ya kwanta a ciki, in ba haka ba zai ci gaba da ɗiga ka ɗauka gyaran bai yi ba. A ƙasan akwatin, a babura da yawa, akwai wani guntun tiyo, galibi garai-garai, mai toshe a bakinsa. An yi shi ne don a riƙa buɗewa ana zubar da abin da ya taru, a mayar da toshen. Kada ka rikita su. Wannan a toshe yake zama, na numfashi a buɗe.

In ka rage man, bayan kwana biyu ka ga ya sake hawa, to baƙin mai ba ya haihuwa. Shinshina sandar awon. In ka ji warin fetur, kuma man ya tsinke tsakanin yatsunka, allurar kafireta ce ba ta rufewa, kai kuma kana kwana da famfon mai a buɗe. Fetur ya cika kafireta cikin dare, ya gangara ta bawul, ya wuce ringi ya shiga cikin inji. Wannan ya fi na farko haɗari, don man da fetur ya tsinka ba ya riƙe ƙarfe. A gyara allura, a yi sabon juye a ranar, kuma rufe famfo ya zama ɗabi'arka duk dare.

Sai soson iya-kilina. Hanyoyinka na burji ne, in hunturu ya shigo kuma ƙura ba ta da adadi. Soson da ya toshe yana sa inji ya yi ta zuƙa da ƙarfi a cikin akwati, abin da bai samu ta soso ba sai ya jawo ta tiyon numfashi, har da mai. A wanke soso da kananzir, a matse shi ba a murɗe ba, ya bushe, a shafa masa mai kaɗan a sake matsewa. Wanda aka tsoma a mai tsamo-tsamo shi ma ɗiga yake yi, a ɗora wa inji laifin da ba nasa ba. Na takarda ba a wanke shi, canjawa ake yi. Tiyon kansa ka cire ka busa: ya lanƙwashe ne, ya tsage a baki, ko wani abu ya toshe shi? A baburan da bakin tiyonsu ke waje, in sun daɗe a jingine a zaure, zanzaro kan shiga ya gina ɗakinsa na laka a ciki. In za ka canja, nemi tiyon da ke jure mai da zafi. Na lebur ɗin magina da yara ke yankowa, zafin inji na taɓa shi yake laushi ya manne, daga baya ya bushe ya karye.

Ringi shi ne na ƙarshe, kuma ba ya zuwa shi kaɗai a ɓoye. Salansa za ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi da maiƙo, kik ya yi laushi a ƙafa, babur ya riƙa kasawa a hawa, mai kuma raguwa zai riƙa yi, ba ƙaruwa ba. Cire tiyon daga akwati inji na silo, wato yana aiki ba a ja totur ba, ka sa tafin hannu kusa da bakinsa. Bugun iska fat-fat, fita da shiga, lafiya ce. Hayaƙi mai ɗorewa da feshin mai, yana ƙaruwa in ka ja totur, shi ne na ringi. In kana son yanke shakka, je wurin mai agogon awon kwamfireshan. A auna inji da ɗumi, totur a buɗe gaba ɗaya, a rubuta. A ɗiga kamar ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In allura ta yi tsalle sosai, ringi ne ko bulo. In ta tsaya inda take, a nemi bawul ko fakin ɗin kan inji. Duk wanda ya ce maka a sauke inji alhali bai zare sandar awo ba, ban ce macuci ba ne, amma ka ɗaga masa hannu ka wuce.

TAMBAYA: Baba bakanike, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, ina da roba-roba da nake zuwa aiki da shi, tafiyar ba ta fi minti biyar ba. A ƙarshen damina na lura abin da ke taruwa a ɗan tiyon ƙasan akwatin iska ba baƙi ba ne, kalar shayi da madara ne, har da kauri. Injin ya lalace ne?
Wata malama, Damagaram

AMSA: Barka kadai 'yata. Ruwa ne ya gauraya da mai. Injinki iska ke sanyaya shi, ba shi da tankin ruwa, don haka hanyoyin da ruwa zai bi ya shiga ba su da yawa. Fetur in ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, wani ɓangarensa ya bi ta gefen ringi ya sauka ƙasa. Injin da ya yi tafiya mai nisa yakan yi zafin da zai kore shi. Naki kuwa kafin ya gama ɗumi kin iso makaranta kin kashe, tururin ya huce ya koma ruwa a cikin tiyo. Sai kuma ratsa ruwan da ya kwanta a titi lokacin damina, da masu wankin babur da ke saita mesa kai tsaye a bakin akwatin iska.

Abin da zai raba gardama shi ne sandar awo. In man da ke jikinta launinsa na mai ne, ki buɗe toshen ki zubar da abin da ya taru, ki mayar, sannan ko sau ɗaya a mako ki yi tafiyar kamar rabin awa ba tsayawa. In kuwa shi ma ya yi fari-fari, kada ki jira ranar juye. A juye shi da zafinsa, a zuba sabo, ki hau na 'yan kwanaki, a sake juyewa don a kwashe ragowar ruwan. Injin roba-roba jikan na Honda Super Cub ne da ya fito tun 1958, yana da haƙuri ƙwarai, amma ruwa a cikin mai tsatsa yake sa wa boris. Mai gajeriyar tafiya irin taki da watanni ya kamata ta riƙa lissafin juye, ba da kilomita ba.

In wata rana ya mutu miki a tsakiyar ruwa mai zurfi, kada ki buga kik ko sitata. Ki tura shi waje, a cire fulogi tukuna, a fitar da ruwan da ya shiga.

TAMBAYA: Malam, ina da tsohon babur irin AX100 mai shan 2T, man nan da ke ƙonewa tare da fetur, da shi nake kai hatsi kasuwa shekara da shekaru. Yanzu man giya na fitowa ta ɗan tiyon da ke saman giya, salansa na fitar da hayaƙi mai yawa da wani wari daban, ina ƙara man giya yana raguwa. An canja ringi, bai daina ba.
Wani dattijo, Talatar Mafara

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, ringin nan an canja shi ne ba da laifinsa ba. Amsar da na ba ɗan Funtuwa ta masu juye ce, naka tsarinsa daban. A mai shan 2T, ƙarƙashin fistin ba wurin kwanciyar baƙin mai ba ne, hanya ce da fetur da iska ke bi kafin su hau sama, an rufe ta da sil biyu, ɗaya a kowane gefen kiranshaf. Man giya kuma yana nasa ɗakin, tiyon da ka gani na wannan ɗakin ne kaɗai. Sil ɗin gefen kuloci shi ne katanga tsakaninsu. In ya tsufa ya yi tauri, fistin na yin ƙasa sai ya hura iska cikin giya, ta turo mai ta tiyo. Yana yin sama kuma ya zuƙo man giya ya ƙone. Abubuwa ukun da ka lissafa, tushensu ɗaya.

A fara tabbatar da cewa ba a cika man giya fiye da ƙima ba. Sannan a ɗaura balan-balan ɗin yara a bakin tiyon a tayar da inji. In ya riƙa kumbura yana bin totur, sil ne. A wasu irin waɗannan injuna ana kai wa gare shi ta gefen kuloci ba sai an tsaga inji biyu ba. Amma kafin a sa sabo, bakanikenka ya kama bakin kiranshaf ya jijjiga sama da ƙasa. In yana wasa, boris ya tafi, sabon sil ba zai yi ƙarko ba. Kuma a canja na gefen magineto a rana ɗaya, tunda sa'o'in juna ne. Shi in ya lalace ba mai yake ja ba, iska yake ja, inji ya riƙa ƙin sauka silo yana zafi, har fistin ya kama.

TAMBAYA: Oga, daga Legas na ɗoro babur ɗina a tirela zuwa gida, aka kwantar da shi a kan kaya. Da na sauke na ga mai a akwatin iya-kilina, da na tayar kuma ya yi ta hayaƙi.
Ɗan acaɓa, Daura

AMSA: Ba abin da ya same shi, ɗan'uwa. Babur in ya kwanta, mai kan gangara ta tiyon numfashi, haka ma in an faɗi da shi. Goge akwatin, wanke soso, duba fulogi, auna mai ka cika abin da ya ragu, ka shinshina ko fetur ya shiga. Hayaƙin zai ɗauke cikin 'yan mintoci. Nan gaba a tsaye za a ɗaure shi, famfo a rufe.

TAMBAYA: Oga, ni yaron gareji ne, ina cikin shekara ta biyu da fara koyo. Na sa wa wani kwastoma sabon ringi, bayan sati ya dawo wai mai na fita ta wajen tiyo kamar da. Ogana ya yi tafiya, mutumin kuma sai faɗa yake yi. Me na yi ba daidai ba?
Mai koyo, Bauchi

AMSA: Yarona, kafin ka kwance komai ka tabbatar daga tiyon ne. Mai a jikin babur ƙasa yake bi, iska kuma ta kora shi baya, don haka inda ya ɗiga ba nan ne inda ya fito ba. Wanke injin tas da kananzir, ya bushe ƙayau. Sayo farar hoda ka barbaɗa a kan inji, murfin tafet, gindin bulo da bakin tiyon, har ko'ina ya yi fari. A zaga da shi na minti goma, ka dawo ka tsuguna. Za ka ga siririn baƙin layi ya ratsa hodar. Bi shi sama da gaba har inda ya fara. Sau da yawa robar murfin tafet ce ta cije wajen ɗaurewa, ko fakin ɗin gindin bulo da aka mayar da tsoho.

In layin ya kai ka tiyo, kuma awon mai daidai yake, sai in tambaye ka: ka duba bulon kafin ka sa ringin? Sa farce a cikinsa daga sama. In ka ji tudu inda ringi ke tsayawa, ko ka ga zane a tsaye, ko cikin ya goge yana ɗaukar ido, bulon ya ci. Sabon ringi zagayayye ne, bulon da ya ci kuwa ya daina zama zagayayye, ba za su taɓa haɗuwa ba. Sa ringi ɗaya a cikin bulon, ka tura shi da kan fistin ya zauna daidai, ka auna tsagarsa da fila-geji, siraran ƙarafan nan na awon tsaga. A ƙananan injunan nan tsagar sabon ringi ba ta kai rabin milimita. In ta haura haka, ko ka ɗaga bulon a rana ka ga haske ta gefen ringin, sai ribo, wato a fafe cikin bulon. A sayi fistin da ringi na gaba da sitanda, 0.25 ko 0.50, a kai wa mai ribo fistin ɗin tare da bulon don ya fafe daidai da shi.

In bulon lafiya yake, to a wajen ɗaurawa ne. Harafin da ke jikin ringi sama yake kallo. Na farko da na biyu ba ɗaya ba ne, ba a musanya su. Tsagoginsu ba a jera su layi ɗaya, a raba su kusan digiri 120, kuma kada ko ɗaya ta zauna saitin fin ɗin da ya haɗa fistin da sandarsa. Ringin mai guda uku ne: mai lanƙwasar nan na tsakiya bakinsa biyu karo suke yi, ba hawa kan juna ba, siraran biyu kuma ɗaya ya kalli nan ɗaya can. Nan ne masu koyo suka fi faɗawa, don yana shiga bulo lafiya lau ko da ya hau. Alamar IN a kan fistin gefen kafireta take kallo.

Shi ma kwastoman ka tambaye shi me ya yi da babur ɗin a satin nan. Sabon ringi na son kamar kilomita 500 na tafiya a hankali, ba lodin buhuna, ba totur har ƙarshe, sannan a yi juye. Kafin ka kwance noti ɗaya, ku yi magana a gaban shaida: in bulo ne, kuɗin ribo da fistin nasa ne, in ringin ne ka juya, sabon fakin da aikin duk naka ne.